Ranar da Muka Kai Baba Jumoi Sahun Gaba

"Ɗaga ɓangarenka, Atumani! Buhun rogo kuka ɗauko ne?"

Ni ke riƙe da ƙafafun kujerar na gaba, ƙanena Bakar yana riƙe da na baya, Baba Jumoi kuma yana sama yana ta faɗa, kamar ba shi ne likitan Moroni, babban birninmu, ya sallamo ya ce a kai shi gida a ci gaba da addu'a ba. Lungunmu matsattse ne, sai da muka karkata kujerar kafin ta wuce tsakanin katangun baƙin dutse. Ba shi da nauyi ko kaɗan. Abin da ya fi tayar mini da hankali ke nan.

Matata Zalhata ta biyo mu har bakin lungu, hannunta duk kwakwa.

"Ka ajiye shi a baya wurin samari, ka ji ko? Saura wata huɗu. Kada ka ja mana magana."

"Na ji."

"Kullum ka ji."

Wata huɗun da take nufi na bikin 'yarmu ta fari ne, Mwanaesha. Shekara tara na yi ina gina mata ɗaki, bulo bayan bulo. Angon zai zo daga Marseille da danginsa, za a yi anda, babban auren da ke mai da mutum mutum a garin nan. Amma anda ba ya yiwuwa sai dattawa sun zauna a kai. In suka yi fushi suka ce ba za su taka gidanka ba, ko shanu goma ka yanka, kai da ƙudaje za ku ci. Na ga an yi wa wani haka. Tun da aka sa rana barcina ya ragu, ina gaishe da kowane dattijo sau biyu don kada a ce na wuce shi.

Shi kuwa Baba Jumoi, maƙwabcina na shekara ashirin da biyu, bai taɓa yin anda ba. Ya auri matarsa a sauƙaƙe, ta rasu, bai sake ba. Don haka duk da furfurarsa da shekarunsa saba'in da biyu, a dandali yaro ne. Ba ya zama a bencin dattawa, ba ya rataya gyalensu a kafaɗa, ba ya ɗaga murya in suna wurin. Ƙuruciyarsa a raga ta ƙare. Ya tsare wa garinmu gida, ya kuma tsare wa ƙasa a shekarun farko, lokacin da ƙungiyar ba ta haɗuwa sai in wasannin tsibirai sun zo. Yakan ba ni labari ta kan katanga: filin tsakuwar dutse da ke ɗaye fatar cinya, riga ɗaya a wanke a shanya a sake sawa, ƙwallo ɗaya tak, in ta faɗa teku a dakata sai mai iyo ya ɗauko. Yatsunsa uku a karkace suke. Ba su taɓa zuwa gasar Afirka ba, ko mafarkinta ba su yi ba.

Ran nan, Alhamis ce bayan la'asar, Togo ta zo mana har gida. Ko canjaras aka tashi, Komoro ta shiga gasar Afirka karo na farko. Saboda annoba ba kowa ke shiga filin wasa ba, sai aka kafa talabijin a dandali ƙarƙashin mangwaro, kowa da takunkuminsa a haɓa.

Muka ajiye shi a baya kamar yadda aka umarce ni. An take wasa da minti kaɗan ya ja rigata.

"Wa ke da ƙwallo?"

"Mu ne, Baba."

"Ni kore kawai nake gani yana motsi. Atumani, shekara arba'in ina jiran wannan wasan. A kan ƙeyar mutane zan kalle shi?"

Na dubi gaba. Tsakanin talabijin da jama'a akwai bencin siminti, dattawa bakwai a jere da gyalensu. A tsakiya Mze Swalihi ne, wanda bakinsa ke yanke kowace magana a garin.

"Baba, ka san ba ya yiwuwa."

"Na sani," in ji shi. Ya saki rigata, ya ɗora karkatattun yatsun nan a cinya, ya sunkuyar da kai yana sauraron ihun mutane don ya gane abin da ke faruwa.

Da ya yi faɗa, da na iya jurewa. Shirun ne ya fi ƙarfina. Na ce wa Bakar, "Kama."

"Yaya, kanka ɗaya? Zalhata za ta dafa ka da ganyen rogo."

"Kama, na ce."

Muka ratsa jama'a da shi. Surutu ya riƙa mutuwa sahu bayan sahu. Na dire kujerar daidai gefen ƙafar Mze Swalihi, gaban benci ma, ba bayansa ba.

Mze Swalihi bai dube ni ba. Ya ce, "Wa ya kawo yaro nan?"

"Ni ne, ranka ya daɗe. Idonsa ne ba ya..."

"Kai ne mai bikin watan bakwai?"

"Ni ne."

"To. Bayan wasa dattawa za su zauna a kanka."

Na ji kamar ɗakin Mwanaesha ya rushe a kaina. Sai Baba Jumoi ya juya a hankali.

"Swalihi, yaron nan da kake faɗa shi ne ya rufa maka asiri shekara goma sha ɗaya kana lamba uku, ɗan bayan hagu, a gabansa. Ko akuya aka sako ta gefenka sai ta wuce."

Wani dattijo ya tuntsure da dariya, ya mai da ita tari. Mze Swalihi ya gyara gyalensa.

"Ƙwallo shida aka zura maka a Fumbuni. Har yau ana labari."

"Huɗu ta gefenka suka zo. Ta biyar kai ka ci da kanka."

"Iska ce."

"Iska mai gemu."

Ba a ce a ɗauke shi ba, ba a kuma ce ya zauna ba. Na tsuguna a gefen kujerar, zuciyata rabi a wasa rabi a gida.

Aka tafi hutu babu ci. Aka dawo. Yaranmu, waɗanda yawancinsu a Faransa aka haife su, wasu ko yarenmu ba su iya sosai ba, suna ta gudu a kan ciyawar da Baba Jumoi bai taɓa taka irinta ba. Da farko a ƙasa-ƙasa yake magana. "Ku matso. Kada ku bar tsakiya." Can 'yan Togo suka ɗago wata ƙwallo sama, sai na ji murya ta fashe kusa da kunnena, muryar da ban san tana nan a ƙirjin ba.

"Fito! Taka ce, fito!"

Golanmu ya fito ya cafke ta, kamar ya ji. Dandali ya ɗauki sowa. Yaro ya ɗaga murya a gaban dattawa, kuma ba wanda ya tuna da doka.

Daga nan shi ya karɓi wasan. Kafin a buga kwana ya faɗi inda za ta sauka. Kafin ɗan gaban Togo ya juya ya ce, "Hagu zai bi, ba shi da dama." Dattijon da ke ƙarshen benci ya taso ya dawo kusa da shi. Saura minti kaɗan aka ba 'yan Togo bugun tazara. Na ga Mze Swalihi ya sunkuyo, carbinsa ya tsaya, hannunsa a kan kafaɗar Baba Jumoi.

"Jumoi, za ta shiga?"

"Ba za ta shiga ba. Dubi ƙafar golanmu. Ya tsaya daidai."

"Ka tabbata?"

"Rufe baki ka tsare gefenka."

Ba ta shiga ba.

Da aka hura tashi, ban san lokacin da na miƙe ba. Babu ci, babu ci, amma garin ya kama kamar mun zura goma. Mata suka fito da guɗa suna kaɗa murfin tukwane, motoci suna ta oda a kan hanyar Mitsamiuli, Bakar ya rungume mai gasa fukafukan kaji har suka kifar da gawayi. Baba Jumoi bai yi ihu ba. Hawaye na bin kumatunsa, yana ta maimaitawa, "Ba a ci mu ba. Kun gani? Gola ne ya kai mu."

Samari suka ɗaga kujerar sama suka zagaya dandali da shi sau uku suna kiran sunansa. Ni ina binsu a baya ina roƙo, "A hankali, don Allah, a hankali!"

Ana shirin kiran magariba Mze Swalihi ya yafito ni. Sauran shidan suna zaune.

"Atumani, ka karya doka a gaban gari."

"Na karya, ranka ya daɗe. Amma 'yata ba ta da laifi."

"Wa ya tambaye ka 'yarka? Ga hukuncinka. Kullum bayan la'asar za ka ɗauko shi ka kawo nan, inda ka ajiye shi yau. Kai da kanka, ba aike ba. Akwai maganar Fumbuni da ba mu gama ba." Ya tashi yana kakkaɓe jallabiya. "Kuma ka gaya wa Zalhata, ranar biki ban son shinkafa mai ruwa."

Da na isa gida na faɗa mata, ta zauna a bakin murhu ta rufe fuska da mayafi. Ban gane ba ko dariya take ko kuka. Daga baya ta zuba romon kifi a kwano ta ce in miƙa wa Baba Jumoi ta kan katanga.

Kwana biyar na yi ina cika hukunci. Kullum su yi ta musu, ya ba su labarin wasanni da sunayen mutanen da suka buga tare, wanda ya mutu a teku, wanda ya tafi Madagaska bai dawo ba, dattawa suna gyaɗa kai. A rana ta huɗu muryarsa ta dushe, sai Mze Swalihi ya riƙa kai kunne bakinsa yana faɗa wa sauran. A ta shida, da hantsi, 'yar ƙanwarsa da ke jinyarsa ta leƙo ta katanga ta kira sunana sau ɗaya. Na gane.

Ban taɓa ganin jana'izar wanda bai yi anda ba ta tara mutane haka. Mze Swalihi, da ciwon gwiwarsa, ya sa kafaɗa a makara, ɓangaren hagu, ya ƙi sakin wa kowa har bakin kabari.

Da la'asar ƙafata ta kai ni dandali, hannuna babu komai. Dattawan suna zaune a bencinsu. Mze Swalihi ya matsa kaɗan, ya janye ƙafarsa gefe kamar mai ba wani wuri. Wata akuya ta zo za ta ratsa ta gabansa, ya miƙa sanda a hankali ya tare ta, ta koma.