Eriya Ɗaya, Talabijin Huɗu

Raina gwani mugun ciwo ne, shi ya kama wani tela. Eriya ɗaya ya raba wa talabijin huɗu na gidansa, sai hoto ya riƙa daskarewa.

Mai gyara ya duba, ya ce, "Maigida, busta za a sa ta ƙara ƙarfi. Kada ka ƙara wa sandar eriyar nan tsawo, wayar lantarki na kusa."

"Ni za ka koya wa gidana?" in ji tela.

Ya haɗa bututun ƙarfe uku ya ƙara wa sandar tsawo, ya hau rufi da ita. Iska ta kaɗa, sandar ta kwanta kan wayar tana hannunsa.

Wanda bai ji bari ba, ya ji hoho. Talabijin huɗu sun ƙone, ɗaki biyu sun zama toka, likita ya yanke wa tela hannunsa na dama.