Fuskar Alhaji a Bakin Kwata

Alhaji Tukur, dillalin hatsi a Unguwar Kanawa, ya yi shekara ashirin da biyu yana raba gero a Rigasa kowane azumi, ba a san daga ina yake fitowa ba. Motar haya ce take sauke buhuna a ƙofar masallaci ta juya. Da ya rasu a 2009, 'ya'yansa suka ga wannan ɓoyo babbar asara ce ga tarihi. Suka yi wa alherin rajista da sunan Gidauniyar Alhaji Tukur, suka kama masa ofis a Unguwar Sarki. Babban ɗansa Shamsuddeen, darakta a wata ma'aikata, ya zama shugaba. Ƙanwar Shamsuddeen, Samira, ta riƙe yaɗa labarai. Gero ya koma shinkafa, buhu ya ƙanƙance, aka buga hoton marigayin yana murmushi a jikin kowane ɗaya. Shi kuwa a rayuwarsa ko hoton fasfo sai da aka lallashe shi ya tsaya.

Hasiya, Bakatsiniya mai tuyar ƙosai, gidanta yana ƙarshen wani lungu a Rigasa inda ruwan layi uku yake haɗuwa. Daminar bara ta cinye mata zaure. Saura bangon ɗakin da take kwana, na ƙasa ne, ya riga ya tsage. Sau huɗu ta je ofishin gidauniyar tana roƙon a gina magudanar ruwa. Kowane zuwa sai a ba ta ruwan sanyi, ta dangwala yatsa a littafin baƙi, a haɗa ta da kalanda. A na huɗun Samira ta yi mata bayani cikin ladabi cewa manufofin gidauniyar uku ne, abinci, sutura da wayar da kai, kuma kwata ba ta cikinsu.

Bayan sallah Hasiya ta yi abin da kowa yake yi a Rigasa idan damina ta ƙarato. Ta bi gida-gida tana karɓar buhunan da aka cinye shinkafarsu, ta tara sittin, ta ɗura musu yashi, ta jera su tun daga bakin kwata har gindin bangonta. Gefen hoton ta juya waje, saboda shi ne mai santsi, ruwa ba ya ratsa shi.

A watan Yuni gidauniyar ta cika shekara goma sha biyar. Aka shirya kai manyan baƙi da masu ɗaukar hoto gidan wani da ya amfana. Samira ta duba littafin baƙi, ta ga sunan Hasiya har sau huɗu, ta ce babu masoyin gidauniya kamar wannan baiwar Allah.

Sun iso da hantsi, an yi ruwa da safe. Motoci suka tsaya a bakin titi, aka tattare babbar riga aka shiga lungu a ƙafa. A nan suka tarar da Alhaji Tukur sau sittin, a jere, taɓo har gemu, yana murmushi ga ledoji da ɓawon rake. Wata akuya tana tsaye a kan hularsa. Mai ɗaukar hoto, wanda ba a ce masa ya daina ba, ya ci gaba da aikinsa. Maƙwabta ma suka fito da wayoyinsu.

Shamsuddeen ya juya ga Hasiya.

"Iya, wannan fa mahaifinmu ne."

"Na sani, ranka ya daɗe. Allah ya ji ƙansa," in ji Hasiya. "Tun saukar ruwan fari shi yake tare mini bango. Da ransa ya ciyar da mu, ga shi ya mutu bai huta ba. Duk gidan naku shi kaɗai ya amsa kirana."

Wani cikin baƙin ya yi tarin da ba na mura ba. Shamsuddeen ya ba da umarni a kwashe buhunan nan take. Hasiya ta ce ba ta hana ba, ubansu ne, sai dai ga hadari can yana haɗowa ta gabas, a bar mata mai hoton ya ɗauki faɗuwar bangon, tunda an riga an ɗauko shi. Ta kuma nuna musu layin gaba, inda gidaje bakwai suka ga dabarar ta yi kyau suka kwaikwaya.

Ba a kwashe ko ɗaya ba ranar. Kwamitin gidauniya ya zauna da yamma ya gano cewa magudanar ruwa tana shiga ƙarƙashin wayar da kai. Magina suka zo washegari. Cikin kwana goma sha ɗaya aka gama, aka kwashe buhunan a mota mai rufi. Bangon Hasiya ya ga ƙarshen damina a tsaye.

Azumin da ya biyo baya shinkafa ta zo a farin buhu, babu suna babu hoto. Samira ta fitar da sanarwa cewa gidauniyar ta koma kan tafarkin marigayi Alhaji Tukur, na sadaka a ɓoye. Jaridu uku suka buga sanarwar, da hoton Shamsuddeen a sama.