Akwatin Hular Madam Honorine

Ina tsaye da dutsen guga a hannu na ji ƙara ta bango, kamar an yar da buhun dankali. Sai muryar Madam Honorine: "Gaston, cire hularka in ka shigo gidan mutane. Haka na koya maka a aji?"

Mari ya biyo baya. Har cikin haƙorana na ji shi.

Shekara ashirin bango ɗaya ne tsakanin kicin ɗina da nata. Malamar makaranta ce, 'yar jam'iyyar gurguzu ta gani-kashe-ni, ga bakin tsiya. A 1936, da aka naɗa wasu mata ministoci a Paris, ita ta riƙe wa ɗayarsu ofis. Ta dawo tana masifa: "Mace tana minista amma ba ta da ƙuri'a! Wace irin ƙasa ce wannan?" Da zaɓe ya zo ta huda murfin akwatin hularta, ta kafa tebur a dandali, mu mata saba'in da uku muka jefa tamu ƙuri'ar ta gayya. Ta ce kowa ta rubuta sunanta da titinta, kada maza su ce ƙirƙiro mu ta yi. Wautar da muka tafka ke nan.

Yanzu ga Jamusawa a gari, ga 'yan Milis, yaranmu da ke yi musu farauta. Da safen ranar ta miƙo min akwatin ta saman shingen lambu. "Fernande, ƙona. Ni hannuna ya ƙi."

Ni kuwa, sakarya, na ce bari in gama gugar mutane tukuna.

"Ina akwatin, tsohuwar banza?" Gaston ne, ɗan mahaucin layinmu da ya shiga Milis. "Ministarki ba ta aiko miki da mota ba?"

"Lissafi ya gagare ka, yanzu bincike ma ya gagare ka," in ji Madam.

Kujera ta karye. Na buɗe murhun gawayi, na fara cusa takardu. Sunan matar likita, sunan ƙanwata, nawa. Suna dukanta ina cusawa. Da suka taka mata yatsu da takalmi ta yi wani ihu da ban taɓa sanin yana cikinta ba. Ban fita ba. Na faɗa, ban fita ba, tsoro ne ya riƙe ni, kuma har yau ina jin kunyar abin.

Da azahar suka ja ta da gashi zuwa titi, suka bar ta a bakin ƙofa. Duk tagogin layin a rufe. Sai da ƙarar motarsu ta ɓace na ɗauko ta. Ba ta fi kwandon wanki nauyi ba.

Kwana uku ta yi a gadona tana tofar da jini. Ran na ukun ta buɗe idon da ya rage.

"Kin ƙona?"

"Na ƙona, Madam."

"Duka?"

"Duka."

"Saba'in da uku," ta ce. "Kai, mun yi yawa ranar nan." Kafin ruwan shayi ya tafasa ta cika.

Ƙarya na yi mata. Takardarta tana cikin aljihun rigata, da rubutunta miƙaƙƙe irin na allo.

Shekara ta zagayo, an kori Jamusawa, aka ce yanzu mata ma su fito zaɓe. Na sa baƙar rigata, na shiga bayan labule da ambulan. Na san doka sarai: ambulan da aka samu wata takarda daban a ciki, an soke shi. Na san kuma da tana nan sai ta ci mutuncina a gaban jama'a. Na ninke takardar tata, na haɗa da ƙuri'ata a ambulan.

Da yamma aka manna sakamako a bangon dandali. Can ƙasa an rubuta: lalatacciyar ƙuri'a, ɗaya. Na dawo gida, na sauke akwatin hular daga kan kabad, na goge ƙurar murfin da gefen rigata.