Ranar da Auta Ta Yi Rubutu da Biro

Cif, babban ganduroban gidan yari, bai zauna a kujerar da na miƙa masa ba. Ya cire hularsa, ya share zufa da ita, ya dubi ƙofar da ke shiga cikin gidana kamar yana tsoron ta ji shi, sannan ya ce, "Akawu, 'yarka ta yi rubutu da biro."

Wanda bai taɓa sa kakin ganduroba ba, zai ɗauka albishir ne. Ni kuwa da na yi shekara talatin da biyar a gidan yari, ashirin daga ciki ina riƙe da littafin rahoto, sai da na ajiye kofin shayina.

A littafin nan ake rubuta duk abin da ya faru a yini: wanda ya shigo, wanda ya fita, wanda ya kwanta ciwo, wanda ya mutu. Doka ta ce da biro. Mu kuma da muka fi doka sanin gidan, da fensir muke farawa. Sai an gama ƙidayar yamma, an kulle ɗakuna, manya sun duba, a goge abin gogewa, sannan a bi ta kai da tawada. Ba a koyar da wannan a makarantar horo. Ranarka ta farko za a miƙa maka fensir da magogi, in kana da hankali ka gane.

"Me ta rubuta?"

"Abin da ta gani."

Abin da Auta ta gani shi ne Dogo, abokin aikinmu, ya sa takalmin but ya hauri wani fursuna a layin ƙidayar rana saboda bai tsuguna da wuri ba. Haƙarƙari biyu sun karye. Ta rubuta lokaci, ta rubuta lamba, ta sa hannu. Ranar Alhamis masu duba gidajen yari za su zo daga hedikwata, kuma littafin suke fara buɗewa. Wata bakwai ya rage wa Dogo ya yi ritaya. In suka karanta, kora ce, ba fansho, ga 'ya'ya tara.

"Akwai sabon littafi a sito," in ji Cif. "Ta kwafe watan gaba ɗaya, kowa ya sake sa hannu. Tsohon littafin kuwa, ka san halin gara."

Na sani. Gararmu ta yi boko. Shafin da ke da rigima kawai take ci.

"Kun yi mata magana?"

"Na yi. Wai in ba ta a rubuce." Ya mayar da hularsa. "Ni da na goya ta a filin fareti. Akawu, shiga gidanka ka yi aikin uba."

* * *

Ina kewar wancan zamani, kuma ba zan ɓoye ba.

A bariki muka zauna, ɗakuna goma sha biyu a jere, famfo ɗaya, igiyar shanya ɗaya. Da safe mukan fito tare, kaki ya sha sitati har yana iya tsayuwa shi kaɗai, but kana ganin fuskarka a jiki. Tsohon shugabanmu yakan bi layi yana shafa mana haɓa da bayan hannu. In ya ji gashi, ka kwana biyu a hasumiyar gadi. Mun tsane shi, kuma ranar da ya rasu mun yi kuka kamar yara.

Ba a cin abinci a ɓoye a barikin nan. Yaron da ya yi laifi, duk wadda ta fara kama shi ita ce uwarsa. In an yi wa ɗayanmu haihuwa, mu duka aka yi wa. Ranar da aka haifi Auta ina bakin aiki, ƙidaya ta ƙi cika, an hana kowa fita. Dogo ne yake hutu. Shi ya ɗauki matata a babur zuwa asibiti, shi ya ba da jini leda biyu, ya dawo yana tangaɗi yana cewa yarinyar ta fi ni kyau.

Mukan ce mu 'yan gida ɗaya ne, kuma gaskiya ne. Sai da na yi ritaya, na sami lokacin zama, na lura da abin da ya riƙe gidan: kowannenmu ya san abin da ɗan'uwansa ya goge. Irin wannan zumunci ba ya tsinkewa da sauƙi.

A zamaninmu fursunoni sun iya faɗuwa. Daga kan gado, a banɗaki, a bakin rijiya. Na taɓa rubuta cewa wani ya faɗo daga gado a ɗakin da ba gado, da rubutuna mai kyau da har alƙalai suke yabawa.

* * *

Na tarar da ita a tsakar gida tana wanke safa, ba ta ko cire wandon kaki ba. Shekararta biyu a aiki. Tun rasuwar mahaifiyarta mu biyu ne a gidan.

"Na ga babur ɗin Kawu Cif," ta ce ba tare da ta ɗago ba. "Ta'aziyya ya zo yi?"

"Kwana nawa ba sa yi miki magana?"

"Uku. In na shiga ofis sai kowa ya tuna yana da aiki a waje. Jiya an raba shayi, kofina ne kaɗai ya ɓace." Ta yi dariya kaɗan. "Na huta da gulma."

Na jawo kujera na zauna. Na ba ta labarin babur da jini, wanda ta ji sau ɗari. Na ba ta labarin 'ya'ya tara. Na ce mata aikin nan ba a yin sa mutum ɗaya. Ranar da ɗaki ya rikice, wanda kika rubuta sunansa shi ne zai ja ki waje. Duk gaskiya ne. Na daɗe da sanin yadda ake jera gaskiya ta tare hanya.

Ta matse safa ta shanya.

"Baba, mutumin nan ba a ma yanke masa hukunci ba. Jiran shari'a yake. Yana numfashi yana riƙe gefensa kamar mai ɗauke da ƙwai. Da na je ɗakin magani ce min ya yi, 'Malama, kar ki sa kanki a uku saboda ni.' Shi ma ya san tsarin."

"Zai warke."

"Telan nan fa? Fursunan da ya ɗinka min kayan makaranta na farko, mai ba ni ƙyallaye ina yi wa 'yar tsana riga. Me ya kashe shi?"

"Zazzaɓi."

"Da biro ke nan. Da fensir fa?"

Na dubi bokitin wankin. Kumfa tana mutuwa a hankali. Shekara ashirin ba wanda ya yi mini wannan tambaya, har ni.

"Ke ce kika ce kina son aikin nan," na ce.

"Kai nake gani kana goge but da safe. Na ɗauka haka cikin yake."

Mai hankali zai tashi a nan ya bar ta. Amma na tuna benci da muke zama a bakin bariki duk ƙarshen wata, mu tsofaffin ma'aikata, da yadda ake matsa mini wuri in na zo. Mutum mai shekara sittin ba shi da benci da yawa.

"Auta, ki kwafe littafin."

Ta share hannunta a jikin wando, ta dube ni sosai.

"Shawara ce, Baba, ko umarni?"

A aikinmu tambayar nan tana da amsa ɗaya, kuma duk wanda ya ba da ita ya ɗauki nauyin.

"Umarni ne."

* * *

Kwana biyu ta yi tana kwafa, shafi sittin da ɗaya. Masu dubawa suka zo ranar Alhamis, suka yaba da tsaftar littafin, suka ce rubutun gado ne. Fursunan ya zame a banɗaki. Dogo ya aiko mini da gaisuwa, ya ce ya san jininsa ba zai ci amanarsa ba.

Da yamma na ji ta ajiye jakarta. Ina zaune a ɗaki ina sauraron rediyo. Ta zo bakin ƙofa ba ta shigo ba. Ta haɗa dugaduganta, ta miƙe ƙyam, idanunta a kan bango sama da kaina.

"An aiwatar, ranka ya daɗe."

Na buɗe baki in kira ta, in ce ta shigo ta zauna. Abin da ya fito shi ne abin da bakin ya saba.

"Madalla. Kina iya tafiya."

Ta sara mini, ta juya a kan ƙafar dama yadda ake koyarwa, ta tafi.