Faten Mama a Kan Dutse

Gidanmu na gado yana kan dutse ne, can bayan Kagoro, inda mota ba ta hawa. Shekara da shekaru ga yadda nake ziyartar mahaifiyata: in faka mota a gindin dutse, in danna ham, in gyara zama. Tsohuwa ta dogara sanda ta sauko ta gaishe ni ta taga, ni kuma in miƙa mata burodi da madara kamar ɗan siyasa a lokacin kamfe. A sakatariyar Kafanchan inda nake aiki, sai da kafinta ya cire wa kujerata hannuwa kafin ta karɓe ni.

Wata Lahadi bayan sujada ƙanena Yakubu ya tare ni a ƙofar coci.

"Broda Wilfred, Mama ya ce ƙafa ya ƙi. Ba zai iya sauka kuma ba. In kana so ka gan shi, sai ka hau."

Na gwada kuwa. Ban wuce hawan farko ba na zube ina huci, har masu haƙar citta suka bar aikinsu suka zo kallo. Dama likita ya gaji da yi mini wa'azin suga da hawan jini. Daga nan ne na yarda aka kai ni Abuja aka yi mini aikin rage ciki. Na shiga da tumbin da ke cinye tukunya, na fito da wanda ludayi ɗaya ke cikawa.

Likita ya ce sauran aikin nawa ne, in riƙa tafiya da ƙafa kullum. Bai san Kafanchan ba. A garin nan babban mutum ba ya tafiya a ƙasa sai da dalili. Da na fito, ɗan acaba zai ja birki: "Oga, hau, ba sai ka biya ba." Aka fara cewa na sayar da mota. Da wando ya soma zamewa kuma, sai gaisuwa ta koma "sannu da jiki" da murya ƙasa-ƙasa. Zumuntar Mata ta cocinmu suka zo gida da tulunan kiɗansu suka yi mini addu'ar da ake yi wa mai shirin tafiya, suna hararar matata Keziya kamar ita ke ɓoye tukunya. Dole na koma bin tsohon layin dogo, inda babur ba ya iya bi na. Watanni na yi ina tsallaka katako, ni da awaki.

Ranar da na sake tunkarar dutsen, na sa takalmin motsa jiki sabo fil, na riƙe gorar ruwa. A tsakiyar hanya wata Bafulatana, Goggo mai tallan nono, ta wuce ni da ƙwarya a ka. Ta hau, ta sayar, ta sauko, ta same ni rungume da wani dutse.

"Sannu Malam," ta ce. "Na gaya musu a sama baƙo na zuwa, amma kada su yi saurin sauke tukunya."

Na ji haushi, kuma haushin ne ya ƙarasa da ni saman dutsen.

Mama na zaune a ƙofar ɗaki. Idonta ma ya yi rauni, Yakubu bai faɗa mini ba. Na durƙusa, abin da gwiwata ta daɗe da mantawa. Ta shafa fuskata, ta matsa damtsena, ta nemi tumbin ba ta same shi ba.

"Wane ne wannan?"

"Ni ne, Mama. Wilfred."

"Wilfred nawa yana da jiki. Wa ya ɗauko ka?"

"Da ƙafata na zo."

Ta sunkuya ta taɓa takalmin, ta ji ƙasa da ƙaiƙayi a jikinsa. Ban yi niyyar kuka ba, amma na yi, gardi da furfura.

Aka kawo faten acca, cike da kwano, irin wanda da nake sharewa in nemi ƙari. A gidanmu barin abincin uwa zagi ne. Na yi 'yan cokula, ciki ya ce ya isa. Na fara bayanin likita da yankan tumbi, ina in-ina. Mama ta sa yatsa ta auna abin da ya rage, ta ɗauki murfi ta rufe kwanon.

"A da kana cinyewa duka, ka tafi, shekara ba ka zo ba," ta ce. "Yanzu ka bar saura. Ran Asabar zan dafa wani, ka hau ka ƙarasa."