Mayafin da Inna Tambaya ta bari

"Warware," in ji Inna Tambaya.

Mubina ta dubi layin da ta ɓata rabin hantsi tana saƙawa, ta ja zaren ulun, ya warware. Karo na uku ke nan. Ita ma ba baƙuwar kwarashi ba ce, hulunan jarirai da take saƙawa har kasuwar Kura ake kai su, amma a gaban tsohuwar maƙwabciyar nan tata ta koma 'yar koyo.

"Ke dai hannunki ya saba da naɗe zare tun farko," Inna Tambaya ta ce daga kan katifa, numfashinta na fita da kyar. "Wannan ba a naɗewa. Dubi 'yar sandar saƙar da kika gama tsayarwa, akwai ɗan zare kwance a ƙugunta. Nan za ki soka ki jawo. Sannan ki soka a layin ƙasa ki jawo. Nawa ke nan a kwarashin?"

"Uku."

"To zare biyu, ki kuma zare biyu."

Haka kowace sanda take riƙe da ƙugun 'yar'uwarta, saƙar ta fito ba huda. A garin da ruwan gonakin shinkafa ke kwance har bakin katanga, Inna Tambaya ta ce mayafin jariri mai huda daidai yake da buɗe wa sauro ƙofa, ga shi kuma yatsan jinjiri na maƙalewa. Duk unguwar ita kaɗai ta iya wannan saƙa, kuma ba ta taɓa koya wa kowa ba, don mace ce mai rowar sani. Sai da ciwo ya kwantar da ita, hannun dama ya daina riƙe kwarashi, sannan ta aika a kira Mubina. Saura layi ashirin mayafin ya ƙare.

"Inna, wai na wa ne?"

"Na wata yarinya ce a Kadawa."

Kowa ya san Latifa, 'yar farin Inna Tambaya, tana aure a Kadawa, da cikin wata takwas bayan shekara tara tana jira. Amma tsohuwar ba ta taɓa kama sunan 'yar farinta ba, balle ta yi zancen cikinta. Kunya irin ta mutanen da.

Ranar Laraba hannun Mubina ya faɗa. Ta yi layi ɗaya cif, ta ɗaga shi saitin ƙofa, haske bai ratsa ba. Injin casar shinkafa na ta ƙara a bayan gida.

"Inna, haka?"

Ba amsa. Ta sake tambaya, sannan ta juya. Kan tsohuwar ya karkata gefe, bakinta a ɗan buɗe. Zare uku ne a kwarashin Mubina, in ta saki za su zube. Ta zare biyu, ta kuma zare biyu, ta ajiye saƙar a faifai. Sannan ta matsa ta shafe mata idanu, ta yi salati, ta fita tsakar gida ta gaya wa mutanen gidan.

Kafin la'asar an kai ta. Latifa ta iso a adaidaita sahu bayan maza sun dawo daga maƙabarta, ƙafafunta a kumbure. Ta zauna cikin mata tana amsa gaisuwa, idonta a bushe. Sai da ɗakin ya ragu ta lura da faifan.

"Yaya Mubina, wannan fa? Aikin wani ne ta bari?"

"Ta ce na wata yarinya ce a Kadawa."

Latifa ta dubi Mubina. Sannan ta jawo mayafin ta shimfiɗa a cinyarta, ya rufe cikin har gwiwa. Kafaɗunta suka fara rawa.

"Bai ƙare ba," ta ce.

"Saura kaɗan. Ta nuna mini."

Mubina ta gyara zama kusa da ita, ta kamo gefen da kwarashin ke maƙale. Ba ta janye mayafin daga jikin Latifa ba. A nan ta ci gaba, ƙwallon ulun na juyawa a hankali a kan tabarma.