An Raba Benci Biyu

Tun da gwiwa ta kayar da Mai Agogo, ɗansa ya ɗauke shi zuwa wani gari mai nisa, allon ces, darar Turawa, da ke shagon Mai Aski ya zama wurin ajiye buroshi. Shekara da shekaru suna bugawa tsakanin aski da aski, Tela da Direba na kan benci suna ba da shawarar da ba wanda ya nema.

'Yar Mai Aski ce ta ce akwai kulob-kulob na ces a intanet, a yi wasa ko daga nesa, a kuma kalli na wasu. Ranar hutunta ta zo shagon, ta jingina waya da madubi.

Kulob na farko na masu sauri ne, agogo na gudu a gefe. Mai Aski ya tura soja, wani ya shigo gyaran gemu, kafin ya karkaɗe tawul an ce ya faɗi.

"Wa ya ci ni?"

"Lokaci, Baba."

"To a bar wa marasa sana'a."

Na biyu babba ne. Ana ba mutum yini guda ya yi tunani, ga gwanaye ana kallonsu kai tsaye. Mai Agogo, da aka kira a wata wayar, ya ce shi dai wannan ya yi masa. Sai 'yar ta karanto doka: ba a yarda kowa ya taya ɗan wasa ba, ko da tari ne.

Mai Aski ya dubi benci. Direba ya kau da kai.

"Wannan ai jarrabawa ce," in ji Mai Aski. "Waɗannan ko a ta'aziyya ba sa iya shiru. Ba zan ce na yarda da dokar da na san za a karya ba."

Na uku ƙarami ne, ba gwanaye, ba maki, 'yan kallo kuma bakinsu a sake yake. Mai Aski ya ce shi ke nan. Mai Agogo ya ce a'a. Aka yi ta ja har shayin Tela ya huce, 'yar ta fara neman jakarta. Mai Aski ya ga in ta fita, maganar ta mutu ke nan.

Ya kashe injin aski, ya kara wayar a kunne. "Kai, tsoho, faɗa mini gaskiya. Me ƙaramin ya yi maka?"



"Kai kana da benci," in ji Mai Agogo. "Ni daga ni sai fanka. Ku uku za ku taru a kaina."

Mai Aski ya sauke wayar. Ya juya ya ƙare wa mutanensa kallo, kamar mai zaɓen reza.

"Tela, daga yau kai nasa ne. Koma wancan gefen, ka riƙe wayar."

"Ni? Me ya sa ba Direba ba?"

"Direba ya fi ka ɓarna. Shi zan riƙe, kada a ce na cuci mara lafiya."

Dariyar Mai Agogo ta fito ta wayar, har da tari. 'Yar ta ajiye jaka, ta yi musu rajista a ƙaramin. Tela ya ja kujera zuwa bakin ƙofa, ya rufe baki da hannu, ya ce a fito da doki tukuna.

"Rabu da ni da dokinka," in ji Mai Agogo. Ya tura soja.